Rumbun Matata na Cikin Kwamfuta

A gidanmu na Vimtim rumbu biyu ne, kamar yadda na tarar a gidan mahaifina. Nawa, na dawa da masara, yana kusa da ƙofar gida. Na matata yana bayan ɗakin girki, ƙarami ne, sai an hau tsani ake buɗe shi ta sama. A wurinmu namiji ba ya leƙa rumbun matarsa. Ba wanda zai kai ka ƙara idan ka yi, amma in labari ya fita, maza za su riƙa yi maka wani irin kallo a gindin bishiya. A shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, dawata ta ƙare tun damina ba ta kankama ba. Nakan zauna a ƙasa ina kallon ƙafafunta a kan tsani, ta sauko da abin da ta ga dama a ƙwarya, ban taɓa tambayarta nawa ya rage ba. Na daɗe ina alfahari da wannan.

Kwamfutar kuwa 'yarmu ta fari ce ta kawo. Ta yi karatun kwamfuta a cikin garin Mubi, da ta sami aiki a Yola sai ta bar mana tsohuwar tata, irin wadda ake naɗewa kamar littafi. Dalilinta uwarta ce. Matata tana da ciwon ido irin wanda ke cin gani a hankali. Likita ya ba ta maganin ɗigawa, ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, maganin zai dai rage masa gudu, kuma kada ta yi mamaki in wata rana ta tashi ta ga abin ya ƙaru. A lokacin ta riga ta daina ganin rubutun takarda. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, domin ba ta yi makaranta tana yarinya ba. Sai da yara suka girma ta shiga ajin yamma na matan coci, ta koyi karatu da furfura a kanta.

Ni na gama firamare, na yi aikin sito a ofishin gona har na yi ritaya, na kuma riƙe sakataren coci shekaru masu yawa. A gidan nan ni ne mai karatu. Haka na ɗauki kaina.

Kafin 'yar ta tafi, ta zaunar da mu ta nuna mana abin da ta yi. Idan aka kunna kwamfutar, hotuna biyu ne ke fitowa: saniya, wannan ƙofata ce, da fure, wannan ta uwarta.

Na ce, “Gida ɗaya, ƙofa biyu?”

Ta ce, “Baba, kwamfuta ba ta haɗa kayan mutum biyu. Akwai babbar folda ta masu amfani da ita, a ciki kai da taka, Mama da tata. Manhajar karatun guda ɗaya ce, tana zaune a wani wuri dabam, kamar injin niƙa na unguwa. Amma yadda kowa yake so a niƙa masa, a cikin foldarsa ake ajiyewa.”

Ta buɗe manhajar karatun nassi ta ƙofata, rubutu ya fito ƙanana kamar na jarida. Ta rufe, ta shiga ta ƙofar uwarta ta buɗe ita dai wannan manhajar, sai ga haruffa manya, masu kauri, kowane layi da fili tsakaninsa da ɗan'uwansa. Matata ta matso da fuskarta, ta karanta layi guda da ƙarfi, ta rufe baki da hannu tana dariya.

Na ce, “To, a cikin mu biyun wa ke sama?”

'Yar ta kalli uwarta, suka yi dariya tare. Ta ce, “Kai ne, Baba. Na sa ka mai gida. Ba inda ba za ka iya shiga ba.”

Na ji daɗin wannan amsar fiye da yadda ya kamata.

Haka muka zauna. Ita da safe, bayan ta ɗiga magani, lokacin da idonta ya fi washewa, takan zauna a bakin ƙofa da kwamfutar a kan cinya. Ni da yamma, in kalli faifan wa'azi da na bukukuwan aure da mutane ke zuba mini. Duk wanda ya ce yana da faifai, sai in ce ya sa mini. Ban taɓa goge ko ɗaya ba.

Sai shekarar da babban taron zumuntar mata na gunduma ya zagayo, aka ce cocinmu ne zai ba da mai karanta nassi a gaban taro. Ana yin shekaru kafin irin wannan ya sake zagayowa kan coci guda. Ranar da matan suka yi zaɓe, ta dawo, sai da muka gama cin tuwo ta kawo maganar.

Ta ce, “Dattijo, sun ce ni zan karanta.” Dattijo take kirana tun da aka naɗa ni dattijon coci, rabi girmamawa, rabi tsokana.

Na ce, “Ke?”

Ta ce, “Ni.”

“Da wane idon?”

“Da wanda ya rage. Zan tafi da kwamfutar in ajiye a kan tebur.”

Daga ranar ta duƙufa. 'Yar ta taɓa koya mata yadda ake shafa wa kalma launin rawaya, sai ta bi sashen da za ta karanta tana shafa wa duk inda za ta tsaya ta ja numfashi. Manhajar kuma ta san inda ta tsaya, kullum a nan take buɗe mata. Ta ɗinka wa kwamfutar jaka da ragowar zanen zumunta, da lalube ta yi ɗinkin, ya karkace a gefe guda. Matan unguwa suka sa mata suna Mama Kwamfuta. Tana wanke-wanke tana maimaita ayoyin, tana ba awaki dusa tana maimaitawa. Ni kuwa tun da na sauka daga sakatare ba wanda ya sake kirana in karanta ko sanarwa.

A cikin wannan lokacin ne kwamfutar ta fara nauyi. A kunna ta, sai ta yi ta tunani. Wani layi da ke nuna cikar cikinta, wanda dā shuɗi ne, ya koma ja. Na sa ta a jakar, na hau babur zuwa gari, na kai wa wani mai gyara da ke da shago a hanyar makarantar kimiyya. Magidanci ne, iyayensa daga Borno suka zo, mahaifinsa hula yake sayarwa a kasuwa, mun san juna sama-sama.

Ya duba ya ce, “Baba, wannan ai ta ƙoshi har wuya. Me kake ba ta?”

Na ce, “Wa'azi da bikin aure.”

Ya ce, “Shi ya sa take gyangyaɗi. Ni ma in na haɗa biyun nan barci nake yi.”

Ya ce maganin gaskiya shi ne in rage faifan. Na ce ba a goge wa'azi. Ya ce to bikin fa? Na ce duk 'yan'uwa ne. Ya girgiza kai, ya ce bari ya share mini shara ko za a sami ɗan wuri. Ya taɓa wani abu a sama, sai ga wata folda ta bayyana a cikin tawa, wadda ban taɓa gani ba, launinta a koɗe kamar tsohon zane. AppData aka rubuta a ƙarƙashinta.

Na ce, “Malam, wannan daga ina?”

“Tana nan tun farko. A ɓoye take.”

“Me ya sa za a ɓoye mini abu a cikin kayana?”

Ya ce, “Saboda irinku, Baba.” Ya yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini.

Ya buɗe ta, folda uku ne a ciki. Ya ce ta farko ta kayan da ke zama a wannan na'urar kaɗai ce, a cikinta akwai wani lungu inda manhajoji ke zubar da tarkacen aikinsu, wannan ne shara. Ta tsakiya ya ce in manta da ita. Ta ukun ya sa yatsa a kanta ya ce, “Nan ne kowace manhaja take ajiye halin mai ita. Girman rubutun da yake so, launi, inda ya tsaya jiya. An yi ta ne don a manyan ofisoshi, in mutum ya koma wata kwamfutar, halinsa ya bi shi. Wannan ba shara ba ce, ko da sunayen ciki sun yi maka kama da shara.” Ya share lungun tarkacen, ya nuna mini yadda ake zubar da kwandon shara, don in ba a zubar ba wurin ba ya dawowa. Ya ce, “Wannan lungun kaɗai, Baba. Ka ji ko?”

Na ce, “Ni da na riƙe sito kafin a haife ka?”

Ya ce, “Allah ya ba ka haƙuri.”

Ya manta bai sake ɓoye foldar ba. Ni kuma ban tuna masa ba.

Bayan 'yan kwanaki layin ya sake yin ja, don na ƙara faifan wani biki. Da rana ne, matata ta tafi gonar gyaɗarta ta bakin mayo, wato rafi. Na share lungun tarkacena kamar yadda aka koya mini, layin bai motsa ba. Na koma baya taki ɗaya, zuwa babbar foldar masu amfani, sai ga tata kusa da tawa. Na danna.

Kwamfutar ta tsayar da ni. Ta fito da wani ɗan akwati da Turanci, Turancina ya isa in gane: ba ka da izinin shiga nan, za ka ci gaba? Ko na'urar sai da ta tambaye ni. Na danna ci gaba.

Na ga foldar hotunanta, ta jikoki, ban taɓa ba. Na ga ta takardu, ban taɓa ba. Na ce wa kaina ai ga shi ina kiyaye mata kayanta. Sai na ga koɗaɗɗiyar foldar nan, ita ma tana da tata. Na share lungun tarkacen. Sannan na buɗe ta ukun. Sunaye ne birjik da ba su da ma'ana a wurina, wasu rabin kalma, wasu haruffa da lambobi. A sito, duk abin da ba shi da suna mai kyau a jikinsa fitar da shi nake yi. Na tuna abin da mai gyara ya ce sarai, ban manta ba. Amma na ce a raina, me tsohuwa da ta koyi karatu jiya za ta tara har a ɓoye mata shi a gidana? Na zaɓe su duka, na goge. Na je kwandon shara na zubar.

Layin yana nan ja, ko gashi bai ragu ba. Abin da na goge duka bai kai nauyin waƙa ɗaya ta bikin aure ba.

Washegari da safe ina gyara ƙotar fartanya a tsakar gida, ta ɗiga magani, ta zauna a bakin ƙofa, ta buɗe. Ba ta fara karatu ba. Ta matso da fuskarta, ta ja baya, ta goge ido da bakin zane, ta goge gilashin kwamfutar. Ta juya ta ba hasken rana baya. Ta sake matsowa har hancinta ya kusa taɓawa.

Ta ce, “Dattijo, zo ka duba mini.”

Na zo na tsaya a kanta.

“Rubutun nan ne ya ƙanƙance, ko idona ne?”

Na duba. Manhajar ta koma yadda take ranar da aka fara sa ta. Haruffa ƙanana, sirara, a cunkushe. Babu rawaya ko ɗaya. Ba ma a sashenta ta buɗe ba, shafin farko na littafin ne, ita kuwa ba ta ko iya ganin hakan ba. Nan take na gane abin da na yi. In na ce rubutun ne, za ta ce me ya same shi, in ce na shiga foldarki. Wannan kalmar ce na kasa faɗa.

Na ce, “Ni dai ban ga abin da ya canza ba.”

Ta ce, “Duba da kyau.”

Na sunkuya kamar mai dubawa. Na ce, “Yadda yake kullum.”

Can ta ce, “To. Likita ya faɗa.” Ta rufe kwamfutar a hankali, ta sa ta a jakar, ta rataye a ƙusa. Ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gidan da ta riga ta share.

Gyaran abin ba wuya gare shi ba, na san haka tun a ranar. Kiran waya ɗaya ne zuwa Yola. Ko in kai wa mai gyara. Har na taɓa sauke jakar daga ƙusa ranar da ta tafi kasuwa, na fita bakin hanya ina jiran babur. Ina tsaye sai na yi lissafi: in ta buɗe gobe ta ga manyan haruffa sun dawo, za ta san ba idonta ba ne, za ta kuma san na duba na ce ba abin da ya canza. Babur ya tsaya, mai shi ya ce, “Baba, gari?” Na ce a'a, iska nake sha. Na koma na rataye jakar yadda ta bar ta.

Ta je wurin shugabar mata ta ce a ba wata. Shugabar ta zo gida da kanta tana roƙo, ta ce ai kin kusa haddacewa, ki tsaya ki faɗa da ka. Matata ta ce, “Karatu aka ce, ba hadda ba. Ba zan tsaya gaban mata ina kallon abin da ba na gani in ce karatu nake yi ba.” Ina zaune a wurin, na ba shugabar kujerata, na ce mata sai haƙuri, haka Allah ya so.

Da 'yar ta kira, uwar ta gaya mata ido ya ƙara tafiya. Na ji kukan 'yar ta cikin wayar, ni ne ma nake riƙe da wayar. Ta ce lallai a koma wurin likita. Na kai ta. Likita ya auna, ya ce bai ga wani babban canji ba tun zuwan baya, ta ci gaba da magani. A cikin keke muna komawa tasha ta ce, “Wannan likitan na'urarsa yake gani, ba abin da nake gani ba.” Na ce haka ne, likitocin yanzu sai a hankali.

Ranar taron na je, na zauna can baya inda 'yan mazan da suka rako matansu suke. Mata sun cika fili, zane iri ɗaya, ana buga tulu ana kaɗa caki. Matata tana cikin masu tulu, wannan ba ya buƙatar ido. Da lokacin karatu ya yi, wata malamar firamare ta tashi ta karanta. Ta iya, amma sauri take yi kamar za ta kama mota. Daga inda nake ina hango matata, tulun a kan cinyarta, leɓunanta suna motsi. Malamar takan wuce ta, domin ita tana tsayawa a wuraren da ta shafa wa rawaya. Malamar ta gama ta zauna, leɓunan matata ba su gama ba. Mutumin da ke kusa da ni ya ce, “Dattijo, ba madam ce aka ce za ta karanta ba?” Na ce ido ne ya hana.

Jakar ta zauna a ƙusa har Kirsimeti. Ni ma na daina kallon faifan, na ce na gaji da su.

'Yar ta zo hutu. Kwana ɗaya da zuwanta, da hantsi, ta sauke jakar ta ce bari ta gani ko za a iya ƙara girman rubutun fiye da dā. Uwar tana tsince wake a faifai, ni ina kan kujera. Ta shiga ta ƙofar fure, ta buɗe manhajar, ta ce, “A'a! Wa ya mayar da wannan haka?”

Uwar ta ce, “Yaya?”

“Mama, wannan ai ko ni sai na matso. Ba haka na bar miki ba.”

Ta taɓa nan, ta taɓa can, kafin uwar ta ajiye faifan wake har ta gama. Ta ɗora mata a cinya. Matata ta duba. Ta karanta layin farko da ƙarfi, ba tuntuɓe. Ta karanta na biyu. Sai ta tsaya.

'Yar ta karɓa tana bincike, tana magana ita kaɗai. Ta ce saiti ba ya gudu da kansa. Ta shiga foldar uwarta, ta ga koɗaɗɗiyar a fili, ta ce wa ya buɗe wannan. Ta shiga ta ukun, ta ce duk abin da ke ciki sabo ne, manhajar ce ta sake ƙirƙirarsa da ta nemi na dā ta rasa. Ta faɗi watan da abin ya faru, domin kwamfuta tana rubuta ranar haihuwar kowace folda. Ta ce, “Mama ba ta san hanyar nan ba. Daga ɗaya ƙofar kuma, mai gida ne kaɗai zai iya shigowa.” Tana faɗa tana ɗago kai, sai ta ga fuskata.

Na fara cewa kwamfutar ce ta cika, layin ya yi ja, mai gyara ya ce. Matata ba ta bar ni na kai ƙarshe ba. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, “Dattijo, na tambaye ka.”

Na ce, “Kin tambaye ni.”

“Sau biyu.”

Ta juya wurin 'yar ta ce, “Rawayata fa?” 'Yar ta ce wannan ta tafi, tunda an zubar da kwandon. Ta ce, “Ƙofar nan tawa ana sa mata makulli?” 'Yar ta ce ana sawa, amma mai gida zai iya zagayowa ta baya. Ta ce, “To a sauke shi.” A gabana 'yar ta sauke ni daga mai gida, ta mayar da ni mai amfani kawai, ta raɗa wa uwarta kalmar sirri a kunne. Ta sake ɓoye koɗaɗɗiyar foldar. Da za ta koma Yola na raka ta tasha, ba ta yi mini maganar ba, ta dai ce in riƙa tuna wa Mama magani. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Matata ta koma karatunta na safe. Ta sake shafa rawaya a sashen nan, ko da yake ba inda za ta karanta shi. Ta yi ta yi har damina biyu. Daga nan abin da likita ya faɗa ya zo da gaske. 'Yar ta ƙara girman haruffan har kalma uku suka cika gilashin, daga baya wannan ma ya gagara. Lokacin da karatun taro ya sake zagayowa kan cocinmu, sai an riƙe mata hannu take zuwa coci. Shekarar nan da na shiga foldarta ita ce shekarar da take da ido da kuma dama a lokaci guda. Ba ta taɓa tsayawa gaban taro ta yi karatu ba.

Ba ta daina dafa mini abinci ba, ba ta daina kirana Dattijo ba, ba ta kuma gaya wa kowa a coci ba. Abu ɗaya ne ya canza. Ta daina tambayata abin da ido ke gani. In za ta ɗaura zane, sai ta ɗaga shi saman katanga ta kira maƙwabciyarmu, “Maman biyu, wannan shuɗin ne ko koren?” alhali ina zaune kusa da ita. In hadari ya haɗu, maƙwabciya take tambaya ko ya yi baƙi. Ni nake karanta mata nassi da safe yanzu, wannan ta yarda, domin ta san shi da ka, in na tsallake kalma tana kama ni.

Bara bayan girbi ta daina hawa tsani, ƙafarta ta taɓa zamewa. Wata safiya maƙwabciyar ta tafi Belel wurin 'yarta, matata tana so ta san ko gyaɗarta za ta kai shuka. Ta tsaya a gindin rumbunta ta daɗe, hannunta a kan tsani. Sannan ta ce, “Dattijo, hau ka duba mini.”

Na ce, “Rumbunki?”

Ta ce, “Ni na ce ka hau.”

Na hau. Na ɗaga murfin. Tun da na aure ta ban taɓa ganin cikinsa ba. An raba shi gida-gida da siririyar katangar laka: gyaɗa a nan, wake a nan, riɗi, busasshiyar kuɓewa, da wani ɗan gida da ta ajiye ƙullin tsummoki waɗanda ban san mene ne a ciki ba, ban kuma taɓa ba. Na faɗa mata abin da na gani ɗaya bayan ɗaya. Na ce gyaɗa ta ɗan haura rabi. Na ce wake ya yi ƙasa, kuma na ga alamar ƙwari a gefen da ke kallon gabas. Na ce akwai ƙulli guda huɗu, ban buɗe ba. Na mayar da murfin na sauko.

Ta ce, “To.”

Da maƙwabciyar ta dawo, na ji ta ta katanga tana cewa, “Maman biyu, in kin huta ki zo ki leƙa mini rumbu.” Matar ta zo da yamma. Tsanin ya tsufa, yana lilo, sai na tashi na riƙe mata shi har ta hau.